Gidan hangen taurari na Griffith: tarihinsa, na'urorinsa, da abin da Damagaram za ta iya ɗauka daga gare shi

Ƙanena, ka ce ka ga hoton wani farin gini mai ƙubba uku a kan tudu, birnin Los Angeles na ƙasar Amurka yana shimfiɗe a ƙarƙashinsa fitilu ko'ina, aka gaya maka gidan hangen taurari ne kuma kowa yana shiga ba tare da ya biya ko dala ba. Kana son sanin wanda ya gina shi, da irin na'urorin hangen nesa da ke ciki, da kuma dalilin da zai sa a kafa irin wannan gida a tsakiyar hasken birni, alhali malaminku ya koya muku cewa masana falaki kan guje wa gari su hau duwatsu don neman duhu. Daga ƙarshe ka tambaya ko irinsa zai yi amfani a nan Damagaram.

Malaminku gaskiya ya faɗa, kuma wanda ya nuna maka hoton bai yi maka ƙarya ba. Gidajen hangen taurari iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na bincike, wanda ake kaiwa inda babu fitila, babu ƙura, babu hayaƙi, a sa masa madubi mafi faɗi da kuɗi zai iya saye, don a kamo hasken abin da ido bai taɓa gani ba. Akwai kuma na jama'a, wanda ake ginawa inda mutane suke, don mai aikin gini da ɗalibi da tsohuwa su sa idonsu su ga duwatsun wata da zoben Zuhal da kansu. Gidan da ka gani, wanda ake kira Griffith, na biyun ne. Idan ka riƙe wannan bambanci, duk wani zaɓi da maginansa suka yi, tun daga wurin da suka kafa shi har zuwa irin gilashin da suka saya, zai fito maka da dalilinsa.

Sunan gidan na wani attajiri ne, Griffith J. Griffith, wanda aka haifa a 1850 a yankin Wales na Birtaniya, ya yi ƙaura zuwa Amurka yana matashi, ya yi aikin jarida yana rubutu kan ma'adinai, daga nan ya shiga harkar haƙar azurfa da sayen filaye ya yi dukiya. A watan Disamba na 1896 ya ba birnin Los Angeles kyautar fili mai eka 3,015, wato kimanin hekta 1,220, don ya zama wurin shaƙatawa na kowa da kowa. Wannan fili shi ne har yau ake kira da sunansa, kuma a cikinsa gidan yake, a kan gangaren kudu na dutsen Hollywood, mita 346 sama da teku.

Tarihin mutumin ba fari ba ne tas, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. A 1903 ya harbi matarsa da bindiga a wani masauki. Ta rayu amma ta rasa ido ɗaya, shi kuma aka ɗaure shi shekara biyu a gidan yarin San Quentin. Bayan fitowarsa ne ya samu damar leƙawa ta babbar na'urar da ke kan dutsen Wilson, kusa da Los Angeles, mai madubi inci 60, wadda aka gama a 1908 kuma a lokacin babu na'ura mai aiki da ta kai ta a duniya. An ruwaito cewa da ya ɗago kai sai ya ce da dukan 'yan Adam za su leƙa ta wannan na'ura, da duniya ta canza. A watan Disamba na 1912 ya yi wa birnin tayin dalar Amurka 100,000 don a gina gidan hangen taurari na jama'a. Hukumomi suka yi ta jan ƙafa, don mutane da yawa ba sa son a ce birni ya karɓi kyauta daga hannun wanda ya yi abin da ya yi. Ya rasu a 1919 ba a aza ko tubali ɗaya ba, amma ya bar kuɗin a wasiyya tare da sharaɗi: a sa na'urar hangen nesa da jama'a za su leƙa, a yi zauren nune-nunen kimiyya, kuma shiga ya zama kyauta. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi komai tasiri a rayuwar gidan.

Ba shi ne ya fara wannan tunani ba. A birnin Cincinnati na Amurka, wani malami mai suna Ormsby Mitchel ya bi mutanen gari yana sayar musu da hannun jari na dala 25, wasu suka biya da kayan gini ko da ƙarfin jikinsu, aka sayo na'ura mai gilashi inci 11 daga birnin Munich na Jamus, tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams ya aza harsashin ginin a 1843, aka fara leƙawa a 1845. Hayaƙin masana'antu ya kore su daga tudun farko, suka koma wani a 1873, kuma na'urar tana aiki har yanzu. A Balin, babban birnin Jamus, an kafa ƙungiyar Urania a 1888 don koya wa jama'a ilimin sama, sannan a 1896 aka kafa doguwar na'urar unguwar Treptow mai tsawon mita 21, inda Albert Einstein ya yi wa jama'a lacca a 1915. Abin da ya bambanta Griffith da waɗannan shi ne girman taron da ya jawo da kuma rashin kuɗin ƙofa.

Sai a farkon shekarun 1930 aka waiwayi wasiyyar da gaske. Masu kula da dukiyar suka nemi shawarar manyan masana na dutsen Wilson, irin su George Ellery Hale da Walter Adams, aka kuma jawo Russell Porter, gwanin zanen na'urorin hangen nesa. John Austin da Frederick Ashley ne suka zana ginin. An fara aiki ranar 20 ga Yuni 1933, watanni uku bayan girgizar ƙasar Long Beach, wadda ta sa aka ƙara wa bangon kauri da siminti da ƙarfe. Lokacin na karayar tattalin arziki ne, kayan gini sun yi araha, ma'aikata suna neman aiki, don haka kuɗin wasiyyar ya sayi abin da a wani lokaci ba zai saya ba. An buɗe gidan ranar 14 ga Mayu 1935, aka miƙa shi ga birnin, kuma cikin kwana biyar na farko fiye da mutum 13,000 suka shiga. Dinsmore Alter ne shugabansa na farko, Edwin Krupp kuma ya karɓi ragamar a 1974 ya riƙe ta shekaru masu yawa.

Yanzu ga na'urorin, kuma a nan ne zan ɗan daɗe. A ƙubbar gabas akwai na'urar dare, wadda kamfanin Carl Zeiss na birnin Jena a Jamus ya ƙera, aka yi odarta a 1931 kan dala 14,900. Faɗin gilashinta na gaba inci 12 ne, wato kimanin santimita 30 da rabi, tsawon bututunta kuma wajen mita 5. A 1955 aka goya mata wata ƙarama ta kamfanin guda, mai inci 9 da rabi, suna fuskantar wuri ɗaya, ta yadda za a iya ganin abu guda da girma biyu daban. Fiye da mutum miliyan 7 sun sa ido a wannan na'ura tun 1935, kuma gidan yana alfahari da cewa babu wata na'urar hangen nesa a duniya da idanu suka leƙa kamarta. Lokacin da tauraro mai wutsiya na Halley ya zo a 1985 da 1986, da na Hale-Bopp a 1997, layin masu jira ya yi tsawo ƙwarai.

Inci 12 ba wani girma ba ne a ma'aunin masu bincike. A shekarar da aka buɗe gidan, a kan dutsen Wilson da ake hangowa daga harabarsa akwai madubi mai inci 100, wanda aka fara aiki da shi a 1917, kuma da shi ne Edwin Hubble ya nuna a shekarun 1920 cewa akwai wasu dandazon taurari nesa da namu kuma sararin samaniya yana faɗaɗa. Aikin farko na na'urar hangen nesa tara haske ne, kamar yadda baho ke tara ruwan sama fiye da kofi idan an ajiye su tare a tsakar gida. Yawan hasken yana bin faɗin bakin ne idan aka ninka shi da kansa. Ƙwayar idon mutum a cikin duhu takan buɗe zuwa milimita 7 ko ƙasa da haka, gilashin Griffith kuma milimita 305 ne, saboda haka yana tara haske kusan sau 1,900 fiye da ido. Madubin inci 60 da ya girgiza Griffith ya ninka wannan sau 25, na inci 100 kuma kusan sau 70. Duk da haka masana da suka san waɗannan manyan madubai fiye da kowa su ne suka amince a sa ƙaramar a gidan jama'a, kuma a ganina sun yi daidai.

Na'urorin hangen nesa gida biyu ne. Akwai mai gilashi, irin wadda aka fara ƙerawa a Holan a 1608, wadda Galileo ya gyara ya ga watanni huɗu na Mushtari da ita a 1610: haske yana ratsa gilashi mai tudu a gaba, ya karye, ya taru a ƙarshen bututu inda ido yake. Akwai kuma mai madubi, wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668: haske yana faɗawa kan madubi mai kwari a gindin bututu, ya dawo ya taru. Mai gilashi tana da illa biyu. Ta farko, gilashi ba ya karya launuka daidai wa daida, shuɗi ya fi ja karyewa, sai ka ga tauraro da gezar launi a gefensa. An rage wannan tun ƙarni na 18 ta hanyar haɗa gilashi biyu masu nauyi daban, dabarar da John Dollond ya yi wa rajista a 1758, kuma tsawaita bututu yana ƙara rage shi, shi ya sa na'urar Griffith ta yi tsawon da ya ninka faɗinta fiye da sau 16. Illa ta biyu, gilashi a gefensa kawai ake riƙe shi don haske ya samu hanya, idan ya yi faɗi da yawa sai nauyinsa ya lanƙwasa shi. A kan wannan ne aka tsaya a inci 40 na gidan Yerkes da aka buɗe a 1897. Madubi kuwa ana tallafe shi ta baya gaba ɗaya, don haka duk manyan na'urorin bincike na yau masu madubi ne.

Amma ga gidan da zai buɗe kowane dare ga ɗaruruwan baƙi, mai gilashi ta fi dacewa. Bututunta a rufe yake, ƙura da iska ba sa shiga, kuma idan an daidaita gilasanta sau ɗaya sukan zauna shekaru ba su goce ba. Madubin wancan zamani da azurfa ake shafe shi, tana dusashewa a sake shafawa, kuma dole a riƙa daidaita madubai biyu lokaci zuwa lokaci. Mai gilashi ba ta da ƙaramin madubi a tsakiyar hanyar haske, don haka hoton wata da na duniyoyi yakan fito da kaifi sosai. Sannan wurin sa ido yana ƙarshen bututu ta ƙasa, inda yaro da dattijo za su iya kaiwa da ɗan tsani. Tun 1935 gilashin yana aikin da aka saye shi dominsa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne gindin da na'urar ke zaune a kai, wanda sau da yawa ya fi gilashin wahalar ƙerawa. Duniyarmu tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Ido bai damu da wannan ba, amma idan ka ƙara girman abu sau 200, filin da kake gani bai wuce rubu'in digiri ba, sai tauraro ya shigo ta wannan gefe ya fita ta wancan cikin minti guda. Maganin shi ne a kafa sandar juyawa ɗaya ta yi daidai da sandar da duniya ke juyawa a kai, wato ta fuskanci tauraron arewa, a sa mata inji mai juya ta sau ɗaya a yini ta ɓangaren da ya saɓa wa juyin duniya. Da haka ne za a saita Zuhal da magariba, mutum ɗari su bi layi, kowa ya same shi a tsakiya. Karkatar wannan sanda tana bin wurin da kake: a Los Angeles digiri 34 ce, a Damagaram kuwa kusan 14, don haka gindin da aka yi wa can ba zai yi aiki a nan ba sai an kwantar da shi.

Batun hasken birni, wanda shi ne zuciyar tambayarka, amsarsa tana cikin abin da ake kallo. Fitilun gari suna haska ƙura da tururin da ke cikin iska, sama ta yi fari-fari, duk abin da haskensa ya bazu kuma ya yi rauni, kamar dandazon taurari masu nisa da gajimaren iskar gas, ya nutse a ciki. Wannan shi ya rage wa dutsen Wilson daraja da Los Angeles ta girma, aka kai madubin inci 200 can dutsen Palomar, aka ƙaddamar da shi a 1948. Wata da Zara da Mirrihi da Mushtari da Zuhal kuwa haskensu ya fi na sararin birni nesa ba kusa ba, fitila ba ta rage musu komai. Abin da ke damunsu shi ne rawar iska, wadda ke sa hoto ya yi ta kaɗawa, kuma wannan tana nan ko a daji. A dare mai natsuwa gilashin inci 12 zai nuna ramukan wata waɗanda faɗinsu bai wuce kilomita biyu ba, daga nisan kilomita 384,000, zai nuna ɗamarar gajimaren Mushtari da watanninsa huɗu suna canza wuri daga dare zuwa dare, zai nuna tsagar da ke tsakanin zobban Zuhal, zai nuna cewa Zara ma tana yin jinjiri da rabi kamar wata. Waɗannan su ne abubuwan da ke sa wanda bai taɓa leƙawa ba ya yi salati. Dandazon taurari mai nisa, ko a na'ura mafi girma, ɗan hazo ne mai toka-toka ga ido. Launukan da kake gani a hotunan intanet kyamara ce ta tara su cikin awoyi.

A nan zan ja kunnenka kan wani abu da 'yan kasuwa ke yaudarar mutane da shi. Idan ka ga kwali an rubuta cewa na'ura tana ƙara girma sau 500 ko 600 alhali bakinta bai fi santimita 6 ba, ka bar ta. Ƙarin girma lissafi ne mai sauƙi: tsawon tarin hasken babban gilashi, wato nisan da ke tsakaninsa da inda hasken ke taruwa, a raba da na ƙaramin gilashin ido. Mita 5 a raba da milimita 25 ya ba da 200; ka canza gilashin ido, adadin ya canza. Amma girman da zai amfane ka ba ya wuce ninki biyu na faɗin bakin a milimita, kuma rawar iska ba ta cika barin a wuce 200 ko 300 ba ko da na'urar ta fi haka. Abin tambaya wajen saye shi ne faɗin baki da ƙarfin gindi.

Ƙubbar yamma ta rana ce, kuma wannan ma hikimar gidan jama'a ce, don yawancin baƙi da 'yan makaranta da rana suke zuwa. A can babu bututu mai juyawa. Madubai ne a sama suke bin rana suna jefa haskenta ƙasa cikin zaure, inda aka raba shi ga na'urori uku. Ɗaya tana nuna faifan rana a kan allo, a ga baƙaƙen tabon da ke jikinta, waɗanda wurare ne da zafinsu ya gaza na kewayensu, suna yawaita suna raguwa a zagaye na kimanin shekara 11. Ta biyu tana warware hasken zuwa launukansa, a ga siraran layuka baƙaƙe da ke nuna sinadaran da ke cikin rana. Ta uku tana tace jan hasken iskar haidirojin kaɗai, a ga harsunan wuta suna tashi a gefen faifan. Kada ka taɓa kallon rana kai tsaye ta kowace na'ura ko madubin hange ba tare da matacin da aka yi don haka ba, domin ido yana ƙonewa cikin ƙiftawa kuma ba ya warkewa. Waɗanda suka ga husufin rana na 29 ga Maris 2006, da inuwarsa ta ratsa ƙasar Nijar, za su tuna yadda aka yi ta gargaɗi a rediyo.

Babbar ƙubbar tsakiya babu na'urar hange a cikinta. Ɗaki ne da ake haska hoton taurari a rufinsa daga ciki, dabarar da kamfanin Zeiss ya fito da ita a 1923, bayan rasuwar Griffith, sai masu wasiyya suka ga ta dace da nufinsa. Shi ne na uku a Amurka, bayan na Chicago da na Philadelphia. A yaƙin duniya na biyu an koya wa matuƙan jirgin sama gane hanya da taurari a cikinsa, a shekarun 1960 kuma 'yan sama-jannatin shirin Apollo na zuwa wata sun yi irin wannan horo. Wannan ɗaki ne kaɗai ake biyan kuɗin kallo. A zauren shiga kuma akwai lilon Foucault, ƙwallon tagulla mai nauyin kilo 109 a rataye da igiyar ƙarfe mai mita 12, wanda layin kaɗawarsa ke karkata sannu a hankali saboda juyin duniya, ya kammala zagaye cikin kimanin awa 42. Da a Damagaram aka rataye shi, sai ya ɗauki wajen awa 100, don kusancinmu da tsakiyar duniya. An rufe gidan a Janairun 2002 don gyara, aka kashe dala miliyan 93, aka haƙa ƙarƙashin ginin da filin gabansa aka ninka faɗinsa fiye da sau biyu ba tare da an taɓa surarsa ta waje ba, aka sake buɗewa a Nuwamban 2006. Tsohuwar na'urar hangen nesa ta Zeiss mai inci 12 ba a musanya ta ba, an wanke ta an gyara ta ne kawai.

Game da Damagaram, samanmu ta fi ta Los Angeles, kuma ba son kai ba ne. Muna kimanin digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, su suna 34. Wannan yana nufin muna ganin kusan dukan taurarin arewa da mafi yawan na kudu. Gicciyen kudu da Alpha Centauri, tauraro mafi kusa da ranarmu cikin waɗanda ido ke gani, wanda haskensa ke ɗaukar shekara huɗu da 'yan kai kafin ya iso mu, suna hawa digiri 13 zuwa 19 a kudancinmu da daren Afrilu da Mayu, su kuwa can ba sa fito musu ko kaɗan. Dunƙulen taurarin Omega Centauri yana kaiwa digiri 29 a nan, a can bai wuce 8 ba. Duniyoyi kan bi kusan ta tsakiyar kanmu, inda kaurin iskar da hasken zai ratsa ya fi ƙanƙanta. Kuma mutum ba ya buƙatar tafiya mai nisa daga Zangon gari ko Sabon Gari kafin ya samu duhun da mutumin Los Angeles zai yi awoyi a mota yana nema. Duwatsun da ke cikin gari da kewayensa ma sun ba mu tudun da za a tsaya.

Abokin gabarmu ƙura ce. Daga Disamba zuwa Maris hazon hunturu yana dusashe sama, wani daren ko Kaza da 'ya'yanta sai da ƙyar ake gani, kuma ƙurar tana kwanciya a kan gilashi, wanda ya goge ta da gefen riga ya karce shi har abada. Da damina gajimare ne, sai dai daren da ya biyo bayan ruwa yakan yi tas. Lokaci mafi kyau shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba. Don kallon wata kuma kalandar Musulunci ta riga ta yi mana jadawali: daga daren biyar zuwa tara ga wata ne inuwar duwatsunsa ke fitowa sosai a kan iyakar haske da duhu, kuma yana sama tun magariba. Daren sha huɗu shi ne mafi rashin amfani, don rana tana dukansa kai tsaye babu inuwa.

Shawarata ita ce kada a fara da ƙubba. Gini mai tsada da babu mai buɗe shi da dare ya fi rashinsa ciwo. A fara da na'ura mai madubi santimita 20 a kan gindin katako irin wanda John Dobson ya yaɗa a titunan San Francisco tun ƙarshen shekarun 1960, wadda ba ta buƙatar kuran, mutum biyu za su iya ɗauka, kafinta na gari zai iya yi mata gindi, a riƙa rufe ta da murfi da leda saboda ƙura. Tana tara haske sau 800 fiye da ido kuma za ta nuna duk abubuwan da na lissafa a sama, sai dai a riƙa tura ta da hannu bayan kowane mai kallo. A ajiye ta a wata makaranta, a sa mata malami guda da ya san sama, a tsayar da dare sananne a kowane wata, a buɗe ga kowa kyauta, mata da yara a ciki. Wannan tsayayyen lokaci da wannan mai bayani su ne ainihin abin da Griffith ke da shi.

Na san za a ce ko za ta taimaka wajen ganin jinjirin wata na azumi da salla. Tana taimakawa wajen gano inda yake idan an san lissafin wurin, amma idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, ido ba zai ga jinjiri ba ko an leƙa ta na'ura, kuma hukuncin karɓar shaida na malamai ne da hukumar da ke sanarwa. Akwai wani abu kuma da za a iya kwaikwayo daga Griffith ba tare da gilashi ba. A gyaran 2006 sun shimfiɗa layin tagulla daga arewa zuwa kudu, hasken rana yana tsallaka shi daidai lokacin zawali. Sanda miƙaƙƙiya da layi a kan daɓen siminti sun isa a yi haka a farfajiyar makaranta. Agogon Nijar yana bin layin digiri 15 gabas, Damagaram kuma tana kan 9, don haka zawali a nan yana zuwa wajen ƙarfe 12 da minti 24, yana matsowa zuwa 12 da minti 8 a farkon Nuwamba, yana jinkirta zuwa 12 da minti 38 a tsakiyar Fabrairu. Sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana tana tsayawa daidai kanmu, inuwar sandar ta ɓace gaba ɗaya na ɗan lokaci, kuma ɗaliban da suka riƙa auna tsawon inuwar kowane mako za su iya faɗin ranar tun kafin ta zo.